Tafiyata Koyar da Jan Ƙwallon Kwando a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Tun da na dawo daga kudancin Katsina ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta Tudun Wada, a ɗakin malamai, har a ƙofar masallaci bayan an sallame, sai wani ya matso ya ce, "Koci, wai da gaske Sabuwa ka je? Saboda ƙwallo?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna zan faɗe shi daga farko.

Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandare a Zariya, kuma nakan yi alƙalancin ƙwallon kwando idan an gayyace ni. An taɓa kirana Funtuwa wata gasar makarantu, aka ba ni wasan yaran Sabuwa. Wasan nan bai yi tafiya ba. Da sun taɓa ƙwallo sai laifi, da na hura usur a ci gaba sai wani laifin. Akwai wani dogon yaro a cikinsu, Haruna, wanda ya fi kowa gudu da iya jefawa, amma duk juyin da zai yi sai ya sa tafin hannu a ƙarƙashin ƙwallon ya tallabe ta. Doka ta hana wannan, ni kuma na yi ta hura masa. 'Yan kallo suka gano abin, suka fara ihu, "Mai talla! Nawa ne ƙwallon?" Yaron ya fita daga fili kafin a tashi.

Bayan wasa malaminsu ya same ni ina cire takalmi. Sunansa Malam Tukur, ɗan gajere mai furfura a gemu, kuma lissafi yake koyarwa, wasanni an ɗora masa ne don babu wani. Na zaci faɗa ya kawo. Sai ya ce, "Malam, ban ce ka zalunce mu ba. Amma abin da kake hura mamu, ba wanda ya taɓa gaya mamu laihi ne. A waya yaran ga suka koya. In ka iya hurawa, ka zo ka koya mamu."

Na ce masa in Allah ya yarda, irin wadda ake faɗa don a rabu lafiya. Shi bai ɗauke ta haka ba. Ya yi ta kirana, har ya haɗa ni da wasu malamai biyu masu irin matsalarsa, ɗaya a Ƙanƙara, ɗaya a Faskari. Kiran da ya tayar da ni shi ne wanda ya ce mini Haruna ya bar makaranta. Sunan nan na mai talla ya biyo shi har gida, ya daina zuwa fili, daga nan ya daina zuwa aji, yanzu yana bin mahaifinsa kasuwannin shanu, ga shi shekarar ƙarshe yake shirin shiga. Da aka ba mu hutun tsakiyar zango a Zariya, lokacin kaka, na zuba ƙwallaye huɗu a buhu bayan na sace musu iska, na ɗauki famfo da usur. Maiɗakina ta ce in yi mata alkawarin ba zan hau hanya ba idan rana ta yi sanyi. Na yi, kuma na cika.

Daga Zariya zuwa Funtuwa hanyar da kowa ya sani ce. Ba wata alamar da za ta nuna maka ka bar Kaduna ka shiga Katsina sai allo, sai kuma bakin yaran mota da ke sauyawa, "ina za ka" ta koma "ina za ka tahi". Amma da muka ɗauki hanyar Sheme, shingayen jami'an tsaro suka fara yawa. A ɗaya daga ciki aka sauke mu duka, aka ce kowa ya tsaya kusa da kayansa. Wani matashin jami'i ya buɗe buhuna, ya ɗago ƙwallo ɗaya a lotse kamar tsohuwar ƙwarya, ya jujjuya ta.

"Baba, wannan fa?"

Na ce ƙwallon kwando ce, koyarwa zan je. Ya dube ni, ya dubi dajin da ke gabanmu, ya ce, "A can?" Na ce a can. Ya mayar da ita, ya ɗaure mini bakin buhun da kansa, ya ce shi ma ya ɗan taɓa a makaranta, amma hannunsa na hagu bai taɓa yarda ba. Na ce masa ba shi kaɗai ba ne.

A Sheme na sauka don sauya mota, nan kuma na gano na baro allurar famfo a gida. Famfo babu allura sanda ne kawai. Aka nuna mini wani mai faci a bakin titi, kusa da masu gasa masara. Yana da allurar da yake sa wa yara iska a ƙwallon ƙafa. Na ce masa kaɗan-kaɗan, ya ce ya sani. Ya jona injin da yake cika tayar tirela da shi, ya juya yana gaisawa da wani mai babur. Ƙarar da ƙwallon ta yi sai da mata masu sayar da gyaɗa suka watse, wani direba ya kwanta a ƙasan motarsa. A wurin da mutane ke zaune da kunne a buɗe, irin wannan ƙara ba abin wasa ba ce. Da aka gane abin da ya fashe, dariya ta ɓarke, mai facin ya yi ta ba ni haƙuri, ƙarshe ya ba ni allurar kyauta. Na bar Sheme da ƙwallaye uku.

Motar Ƙanƙara ba ta tashi ba sai da wasu motoci biyu suka cika, aka jera tare, don direbobi ba sa son bin hanyar su kaɗai. Muka wuce Mabai, dawa ta sunkuya a gonaki, ana ta yankan ta. Wani dattijo da ke gefena ya tambayi sana'ata, na gaya masa. Ya ce, "To, kowa da abin da ya hito da shi." Ya ɓallo mini rabin goronsa.

Malam Sada ne ya tarbe ni a Ƙanƙara, saurayi mai fara'a, bai daɗe da fara koyarwa ba. Na ce ya kai ni masauki, ya yi kamar na zage shi. Ɗakin ƙofar gidan mahaifinsa aka share mini. A Zariya idan ka yi baƙo, matarka ce za ta yi girki, shi ke nan. A nan kuwa, da labari ya zaga cewa malamin Sada ya zo, kwanuka suka fara shigowa daga maƙwabta: tuwon dawa da miyar kuka, dambun masara da zogale, ɗanwake, fura a kwanon sha. Kuma kowane kwano sai ka taɓa, don za a duba. Na ci har na kasa sunkuyawa in ɗaure takalmi.

Filinsu jar ƙasa ce mai tsakuwa, kwandunan kuma wani mai walda ne ya lanƙwasa rodi ya kafa a jikin turaku, ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo. Na ba yara ƙwallo na ce su buga in gani. Nan take na gane ciwonsu. Yaro zai buga ƙwallo a ƙasa, ta daki tsakuwa ta kauce, ya cafe ta da hannu biyu, ya sake bugawa ya ci gaba abinsa.

Na tsayar da su, na ce su zauna. Na ce, "Jan ƙwallo, wato buga ta a ƙasa kana tafiya da ita, sau ɗaya ake ba ka. Da hannu ɗaya ake yi, dama ko hagu, kana iya sauyawa yadda ka so. Amma da ka riƙe ta da hannu biyu, jan ya ƙare. Abu biyu ya rage maka, ka ba wani ko ka jefa kwando. Idan ka sake bugawa, na hura, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa."

Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in ƙasa ce ta kauda ta fa?"

Na ce, "Idan kuɓuce maka ta yi, ka bi ta ka ɗauka, ba laifi. Amma da ka ɗauka, ka tsaya. Alƙali ba ya hura wa ƙasa usur, kai zai hura wa."

Duk da haka yaron yana da gaskiya, ba a koyon ja a kan tsakuwa. Muka samo tsintsiya da jarkokin ruwa, aka tsince, aka yayyafa, aka samo itace aka yi daɓe. Yaran suka fara noƙewa wai daɓe aikin mata ne, sai da suka ga ni da Malam Sada mun naɗe wando mun durƙusa. Da ƙasa ta kwanta na koya musu tsayuwa: a lanƙwasa gwiwa, a tura ƙwallo da yatsu ba a mare ta da tafi ba, kada ta wuce ƙugu. Sannan na sa kowa ya kama bayan rigarsa da hannun dama, ya ja da hagu kaɗai. Ƙwallaye suka yi ta gudu cikin gonar gyaɗar da ke gefe. Malam Sada na yi musu dariya, na miƙa masa ɗaya na ce shi ma ya shiga layi. Tasa ta fi ta kowa nisa.

Faskari sai da na sake komowa Sheme sannan na samu mota. Makarantar 'yan mata ce, kuma filinsu siminti ne mai kyau, irin wanda ko a Zariya sai an nema. Sai dai ban ga simintin ba da na iso, masara ce shanye a kansa daga wannan kwando zuwa wancan. Malama Hadiza, mai kula da wasanninsu, mace mai kaifin murya da ba ta ɓata lokaci a gaisuwa, ta ce ta malamai ce, kowa ya kwaso ta gonarsa. Ta ce, "Lokacin kaka hilin ga ba namu ba ne. Amma yau na gaya masu, rabi nasu, rabi namu." 'Yan mata suka ture masarar gefe guda da tsintsiya da faranti.

Na shiga tsakiya zan nuna musu yadda ake tsayawa cak bayan gudu. Ashe 'yan ƙwayoyi sun rage. Ƙafafuna suka tafi gaba, ni na zauna daɓas a kan siminti, hulata ta yi nata wuri. 'Yan matan nan suka toshe baki da hijabi, kafaɗu na rawa, ba wadda ta yarda ta yi sauti. Malama Hadiza ta ce, "Sannu Malam. Wannan ma cikin darasin yake?" Sai a lokacin suka saki dariyar. Ƙuguna bai daina tuna mini Faskari ba har yau.

Su matsalarsu daban ce. Sun saba da ƙwallon hannu, inda ake barin mutum ya yi taku uku, don haka sai su rungumi ƙwallo su yi ta tafiya. Na bayyana musu cewa a nan idan ka kama ƙwallo kana cikin gudu, taku biyu gare ka, sai ka rabu da ita. Idan kuma a tsaye kake, ƙafa ɗaya za ka kafa, ɗayar ta zaga duk inda ta so, amma kafaffiyar ba ta ja, ba ta gusa. In za ka fara ja, ƙwallo ta bar hannunka kafin wannan ƙafar ta bar ƙasa. Na faɗa, na maimaita, na ga idanu kawai. Sai wata yarinya daga baya ta ce wa ƙawarta, "Ke, kamar akuya a turke ne fa." Na ce ta fito ta faɗa da ƙarfi. Daga ranar ƙafar ta zama turke a Faskari, kuma da na dawo Zariya da ita nake koyarwa.

Wani abin da ban taɓa tunani a kansa ba shi ne hijabi. Dogo ne har gwiwa, da yarinya ta sunkuya sai ya rufe ƙwallon, hannu ya harɗe. Ni ban ga ta inda zan sa baki ba. Malama Hadiza ta ce in bar mata. Washegari suka fito da gajerun hijabai iya ƙirji, doguwar riga da wando a ƙasa, ta ce ta je ta yi magana da shugabar makaranta da wasu iyaye tun da yamma. A ɗakin ajiyar makarantar aka sa mini katifa, tsakanin buhunan masara, ni da ɓeraye muka raba shi. Abinci kuwa tuwon masara ne safe da rana, fari sol, da miyar kuɓewa ɗanya. Na bar musu ƙwallo ɗaya kamar yadda na bar wa Ƙanƙara.

A taswira Faskari da Sabuwa maƙwabta ne. Na tambayi ko akwai hanyar da ta ratsa, direban da na tambaya ya kalle ni kawai, ya nuna mini motar Funtuwa. Haka na zagaya ta Funtuwa da Ɗandume, tafiyar da ta cinye mini wuni. Na isa Sabuwa da la'asar, ƙura har cikin kunne. Malam Tukur na tsaye a tasha. Ya karɓi buhuna, ya riƙe hannuna bai saki ba har muka isa gidansa.

Da safe na ga yaran makarantarsa. Suna da ƙoƙari, kuma duk cikin garuruwan nan uku su suka fi son wasan. Sai dai kowa so yake ya yi irin juyin da ya gani a waya, a wuce da ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, a zagaya da ita ta baya, alhali ba wanda zai iya kai ta ƙarshen fili da hagu ba tare da ya kalle ta ba. Na tsaya a gabansu ina ɗaga yatsu, kowa na ja yana faɗin nawa na ɗaga. Wanda ya sunkuyar da kai ya fita. Muka yi ta yi har rana ta take. Haruna bai zo ba.

Malam Tukur ya ce a wajen Damari su Haruna suke zaune, kuma ya aika masa ya fi a ƙirga. Na ce mu je. Ya goya ni a babur ɗinsa, muka bi ta cikin gonakin rake da shinkafa. Mun samu mahaifinsa, Alhaji Buba, a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro ana ba shanu dusa. Dogo ne siriri kamar ɗansa, ba ya gaggawar magana. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo nono mai sanyi da fura. Gaisuwa ta yi tsawo, aka tambayi gida, aka tambayi hanya, aka tambayi Zariya kamar mutum ce. Sannan Malam Tukur ya ce, "Alhaji, wannan shi ne alƙalin Funtuwa."

Alhaji ya ajiye ludayinsa. Ya ce, "Kai ne ka kunyata mani yaro gaban mutane?"

Na ce, "Alhaji, ni ne na hura usur. Abin da ya yi laifi ne a dokar wasan, kuma ko gobe ya yi zan hura. Amma ba laifinsa ba ne da ba a koya masa ba. Shi ya sa na zo."

Ya ce, "Tun daga Zariya?"

Na ce tun daga Zariya. Sannan ya ce shi bai hana Haruna makaranta ba, bai kuma kore shi daga kasuwa ba, yaro ya kai ya san abin da yake so. Ya ɗaga murya ya kira shi.

Haruna ya fito daga bayan garke, ya durƙusa ya gaishe da malaminsa, ni kuwa ya gaishe ni yana kallon ƙasa. Na ce masa ba lallashinsa na zo yi ba. Na ce, "A wasan nan na Funtuwa babu wanda ya kai ka. Abu ɗaya ne ya kashe ka, kuma abin da ake gyarawa ne. In ka ba ni safiya biyu zan nuna maka. In bai gyaru ba, ka koma wa shanunka, ba zan sake damunka ba."

Ya ce a hankali, "Yara za su taru."

Na ce ba a fili za mu yi ba.

Washegari da sassafe ya zo. Muka zagaya bayan ajujuwa, inda akwai wani ɗan dandamalin siminti, daga ni sai shi sai Malam Tukur. Na ce ya ja in gani. Hannunsa babba ne, ƙwallo na zama a ciki kamar lemo, shi ya sa tallabewa ta zame masa jiki. Na nuna masa cewa hannu yana iya zama a saman ƙwallo ko a gefenta, amma da tafi ya kalli sama, ƙwallo ta kwanta a kai, ja ya ƙare, ko da na ƙiftawar ido ne. Ya ce shi bai jin lokacin da yake yi. Na karɓi alli a wajen Malam Tukur na goge masa bayan hannu har ya yi fari. Na ce, "Malam zai tsaya a gabanka. Muddin yana ganin farin nan, kana kan daidai. Da ya ɓace, zai tafa."

Malam Tukur ya yi tafi a safiyar nan kamar yana gidan biki. Haruna ya yi gumi, ya ciji leɓe, sau ɗaya ya yi jifa da ƙwallon ta daki bango. Na ƙyale shi ya je ya ɗauko da kansa. Na rage masa tsawon bugu, na ce ya sauko da ita gwiwa, don ƙwallon da ba ta tashi sama ba ba ta ba hannu lokacin shiga ƙasa. Na sa ya riƙa sauya hannu da turawa daga gefe, gajere, da sauri. A safiya ta biyu tafin ya ragu sosai. Dama ta gyaru. Hagu tana yi tana mantawa.

Ranar da zan kwana na ƙarshe muka shirya wasa tsakanin yaran, aka raba su gida biyu. Labari ya bazu, mutane suka zagaye fili, masu rake da masu awara suka kafa sana'a. Ana shirin farawa na hango Alhaji Buba ya sauka daga babur, da sandarsa, ya tsaya can gefe shi kaɗai. Na cire usur daga wuyana na rataya wa Malam Tukur. Ya ce, "A'a, Malam, kai ne alƙali." Na ce ni gobe ina Zariya, wanda zai zauna da su shi ya kamata su saba da hurawarsa.

Haruna ya shigo da farin alli a bayan hannayensa biyu. Da farko a tsorace yake, da ya karɓa sai ya miƙa wa wani. Can jikinsa ya saki. Ya ratsa yara biyu ya jefa, ta shiga. Ya sake, ta shiga. Fili ya ɗauki sowa. Wasa ya zo ƙarshe, ɓangarensa na baya da kwando ɗaya, ƙwallo ta zo hannunsa. Ya taho da gudu, yaro ya tare shi, ya juya zuwa hagu, kuma daga inda nake zaune na ga farin ya ɓace. Ya wuce, ya jefa, ta shiga.

Na dubi Malam Tukur. Usur na bakinsa, ya gani kamar yadda na gani. Wannan yaron ne Malam Tukur ya yi wata da watanni yana bi. Na ga ƙirjinsa ya ɗaga ya tsaya. Sannan ya hura. Ya juya tafin hannunsa sama, alamar tallabewa, ya ce babu kwando.

Haruna ya tsaya a ƙarƙashin kwando, ya juya bayan hannunsa na hagu yana kallo. Ni dai na riga na sa rai zai fice. Sai ya sunkuya ya ɗauki ƙwallon, ya taka har gefen fili, ya miƙa wa yaron da zai yi jifa, ya koma baya da gudu ya tsaya tsaron gidansu. Aka tashi an cinye su.

Mutane na watsewa Alhaji Buba ya nufo ni. Ya ce, "Malam, ta shiga, na gani da idona. Mi ya sa aka hana mashi?" Na ɗauki ƙwallo na nuna masa, hannu a sama, hannu a gefe, sannan hannu a ƙasa. Ya karɓa ya jujjuya a nasa hannun, ya gwada. Ya ce, "To ai kuwa ya yi. Na ga sadda hannun ya juya." Ya kira Haruna, wanda ke tsaye yana share gumi da gefen riga. Ya ce masa, "Malaminka bai cuce ka ba. Na hagun ne bai ji ba tukuna. Ka koma makaranta ka gyara shi, ƙannenka sun isa su kai shanu kasuwa." Haruna ya ce to. Alhaji ya miƙa mini ƙwallon, ya yi mana sallama, ya tafi neman mai babur tun rana ba ta faɗi ba.

Muka kama hanya ni da Malam Tukur har muka kusa gida. Ya ce, "Wallahi Malam, da na hura, ji na yi kamar ni aka hura mawa." Ya ciro usur zai ba ni, na ce ya riƙe, ina da wani.

Da hantsi na hau motar Ɗandume da buhu babu ƙwallo ko ɗaya, sai rake da zabi biyu da Alhaji ya aiko, waɗanda suka yi ta kuka a kowane shinge har Funtuwa. Na shiga gida kafin magariba.

Muna waya da Malam Tukur lokaci-lokaci. Haruna yana aji, an yi masa rajistar jarrabawa. Hannun hagun har yanzu yakan shiga ƙasa idan ya gaji. Malam Tukur ya ce yana hura masa, shi kuma yana miƙa ƙwallon ya koma baya.